Tagar Malama

Assalamu alaikum, 'yan amana masu bibiyata. Yau in kun ga kuskure a rubutuna ku yi min uzuri, a gaggauce nake yin sa. Ina zaune a ƙuryar ɗakin Umma, tsakanin gado da akwatunan kaya, atamfata a jiƙe, kafaɗata lulluɓe da mayafin da ba nawa ba. A ƙofar gidanmu kuwa ga farar motar Alhaji Mainasara nan a tsaye, mahaifin Musaddiq, saurayin da nake sa ran aure. Shi Alhajin yana zaure tare da Kawu Sha'aban, ƙanin marigayi Babana. Duk wanda ya san Daura ya san uban yaro ba ya tako ƙafa gidan su yarinya da kansa, ƙannensa yake turawa. In kuwa ya zo da kansa, to magana ta girmi ɗan aike. Tun da suka shiga zauren nan ban ji an yi dariya ba.

Bari in faro muku daga tushe, ko zuciyata ta ɗan lafa kafin a kira ni.

Ga waɗanda yau muka fara haɗuwa, sunana Raihana, malamar aji biyu ce ni a wata firamare ta ƙauye a kan hanyar Mai'adua. Kullum da safe nake shiga motar haya daga Daura, in dawo bayan azahar da ƙurar alli har a gira. Ruwan farko na bana ya zo da iska, ta yaye rufin ajina gaba ɗaya ta yar a gonar wani bawan Allah. Muka koma gindin darbejiya, ni da yara fiye da saba'in. Da hadari ya haɗo sai karatu ya watse, kowa ya ruga gida da allonsa a ka. Hedimasta ya rubuta takarda sama, aka ce ana dubawa, kuma kun san irin wannan dubawar.

Ƙawata Rauda ce ta kawo shawara. Ita tana aiki da wata ƙungiya a Katsina, idonta a buɗe yake a kan harkar waya. Ta ce akwai dandalin intanet na tara gudummawa, malamai na saka buƙatun azuzuwansu a ciki. Ka ɗora hoto, ka rubuta abin da ake nema, mutane su tura da katin banki daga duk inda suke, kowa na ganin yadda kuɗin ke hawa. Na sa Sabiru kafinta, ɗan ƙauyen, ya auna ajin. Katako, kwano, ƙusa da kuɗin aiki, ya ce miliyan ɗaya cif.

Ranar da za mu buɗe shafin muna kwance a kan gadon nan da nake jingine da shi yanzu, muna cin gyaɗa soyayya, Rauda ta ce, "Ki ƙara dubu casa'in a kai."

"Na mene ne?"

"La'adarsu mana. Masu dandalin na cire kashi biyar cikin ɗari, masu katin banki su ma suna gutsirar nasu a kan kowace gudummawa. In an haɗa kusan kashi takwas ke nan. Ba kuɗin da ke isowa yadda ya taso, ga shi nan sun rubuta a ƙasa."

Na duba, ga shi kuwa, da ƙananan haruffa irin na jikin kwalin magani.

Na tashi zaune. "Ni in ƙara a kan abin da kafinta ya faɗa? Rauda, duk majalisar garin ta san miliyan ɗaya Sabiru ya ce. Ranar da suka ga na rubuta fiye da haka, cewa za a yi Malama ta ɗora nata."

"To ki rubuta dalili a ƙasa."

"Wa zai karanta? Kuma da wane bakin zan ce wa mutane su ba da sadaka a biya la'ada?"

Ta watsa gyaɗa a baki tana harara ta. "Kunyar nan taki sai ta ja miki wata rana."

"Allah zai rufa asiri," na ce, na rubuta miliyan ɗaya, ko kwabo ban ƙara ba. Har wani daɗi na ji a raina, irin na mai gaskiya. Lissafina shi ne wani zai zarce da kyauta, ko Sabiru ya yi rangwame. Ban san shafin da kansa yake rufe karɓar kuɗi da zarar an cika ba.

Kuma aka cika, cikin ikon Allah. Tsofaffin ɗaliban makarantar da ke Kano da Abuja suka tura, 'yan kasuwa suka tura, har wata baiwar Allah daga Makka. Mafi tsoka ta Alhaji Mainasara ce, dubu ɗari uku. Shi babban mai fataucin dabbobi ne a kasuwar Mai'adua, kuma mahaifiyarsa marigayiya 'yar wannan ƙauyen ce, don haka ya ce a kai ladan kabarinta. Musaddiq ne ya danna masa a waya. Rauda ta ɗauki hoton shafin, koren layi ya kai ƙarshe, an rubuta AN CIKA da manyan baƙaƙe, ta watsa a duk wani guruf da take ciki. Ranar Juma'a liman ya ambaci sunana a masallacin ƙauyen aka shafa min fatiha. Umma har kuka ta yi don daɗi.

Sai alat ɗin banki ya shigo wayata. Dubu ɗari tara da ashirin.

Na san za a cire, amma sani daban, gani daban. Na ƙura wa wayar ido har ta mutu da kanta, na sake kunnawa, lambar ba ta canja ba. Na kai wa Sabiru kuɗin ina ta zuba bayani, ya saurare ni har na gama sannan ya sosa ƙeya.

"Malama, na ji ki. Amma kwano ba ya jin bayani. Bandir guda na kwano ne ba zai samu ba, ni kuma tun farko na sadaukar da rabin kuɗin aikina."

Ya buga katako tsaf, ya jera kwano sabo fil yana ƙyalli, ya rage kusurwa guda a buɗe, faɗin tabarma uku. Kuma don rashin sa'a irin tawa, kusurwar da ke kallon titi ce. Duk motar da za ta Mai'adua sai ta gani. Ba a yi mako ba 'yan acaɓa suka raɗa mata suna, wai tagar Malama. Har kwatance ake da ita. A kunnena wani fasinja ya ce wa direba, "Sauke ni daidai tagar Malama," bai san ga Malamar nan a bayansa tana neman ƙasa ta tsage ba.

Kada ku ce ban yi bayani ba, na yi. Hedimasta ya tara dattawan iyayen yara a ofishinsa, na tsaya gabansu da hijabina har ƙasa, na faɗi kashi biyar, na faɗi kashi uku, na miƙa waya aka zagaya da ita. Shugabansu, Malam Hamma, tsoho ne mai sanyin murya, irin waɗanda ba sa faɗa sai dai su yi maka tambaya. Ya juya wayar a hannunsa ya miƙo min.

"Malama, mu nan in aka aiko mutum da tuwo, mai gida ne ke ba shi tukwici bayan ya sauke kwano. Ba mu taɓa jin ɗan aiken da zai buɗe kwano a hanya ya yanki malmala ya ce tukwicinsa ne ba. Wanda ya yi haka, da wani suna ake kiransa."

"Baba, ba ni ce ɗan aiken ba, masu dandalin ne."

"To, su ba mu san su ba. Ke muka sani, ke aka shafa wa fatiha."

"Ga shi nan a rubuce a waya, Baba."

"Wayarki ce, 'yar nan. Abin da kika ce mata shi za ta faɗa."

Babu wanda ya kira ni ɓarauniya. Da sun kira ma da na samu abin musantawa. Tashi suka yi ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu, kowa na cewa Allah ya kyauta. Garin gudun gara na faɗa gidan zago: na ji tsoron a ce na ƙara, yanzu ana cewa na rage.

Duk wannan da sauƙi in da a wani lokaci ya faru. Amma a daidai wannan watan ne gidan su Musaddiq suka fara bincike a kaina, kamar yadda ake yi kafin a kawo kuɗin gaisuwa. Kuma wadda aka ɗora wa aikin ita ce Goggo Laraba, yayar Alhaji, wadda ko shi Alhajin ba ya ƙetare maganarta. Ban taɓa zama da ita ba, labarinta kawai nake ji. An ce ba ta tambayar maƙwabta halin yarinya, don ta san za su yi kara. Gidan mai markaɗe take zuwa, da wurin mai kitso, ta zauna kamar mai jiran layi tana jan carbi, kunnuwanta na aiki. An gan ta a layinmu. An gan ta a islamiyyar da na yi. Duk mai sallama a gidanmu sai gabana ya faɗi, duk tsohuwar da ta kalle ni a mota sai in ce ita ce.

Umma ta rasa sukuni. Ta bar tsefe kai, ta bar kallon tashar da take so, kullum tana tsakar gida tana tankaɗen garin da ba a buƙata.

"Raihana, a sayar da tunkiyar nan a toshe ramin, a toshe bakin mutane."

Kawu Sha'aban, da yake zaune a kan buzu yana gyara gilashinsa, ya ce, "A kai ta ina? Tunkiyar da za ta shiga Mai'adua, kafin ta yi kuka Alhaji Mainasara ya san gidan da ta fito. Ko a nan Daura aka sayar, dillalan yaransa ne. Za a ce sun fara amayar da abin da suka ci."

"To ya za mu yi, Malam? Mu zuba ido aure ya lalace a kan kwano?"

"Ni dai ban yarda a rufe a ɓoye ba. Mai gaskiya ba ya gyara da sanɗa."

Umma ta juyo kaina. "Ke kuma da an ce ki ƙara sai ki ƙara. Wannan wace irin gaskiya ce da ba ta da wayo?"

Ba ƙarya ta yi ba. Ni abin da na ƙudura shi ne in jira albashi, in haɗa da na watan gaba, in sayi kwanon a bainar jama'a, in sa liman ya faɗi daga ina ya fito. Sai dai damina ba ta jiran albashi, bincike ma haka.

Ranar Juma'ar da ta wuce Musaddiq ya zo zance bayan la'asar. Na sa leshi ruwan zuma, na ɗaura ɗankwali, na ja kwalli sosai don ya ɓoye kumburin idona, na turara mayafina da turaren wuta na Umma. Na same shi a zaure cikin farar shadda da hula zanna, yana juya mukullin babur a yatsa. Musaddiq mutum ne mai fara'a, da wuya ka gan shi bai fara da tsokana ba. Ranar ko kallon kwalliyar bai yi ba.

Muka gaisa. Na zuba masa zoɓo bai sha ba.

"Raihana, Baba ya ga rufin."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya sa direba ya rage gudu, ya kalla, ya ce a tafi. Har muka isa kasuwa bai yi magana ba. Ni na fi tsoron wannan."

"Ka yi masa bayanin la'adar? Ai shi ɗan kasuwa ne, ya san la'ada."

"Ya sani mana. Amma a kasuwar dabbobi kafin a sallama ake faɗin la'ada, mai saye ya ji, mai sayarwa ya ji. Kuma wannan sadakar mahaifiyarsa ce." Ya matso da murya ƙasa. "Ki bar wannan. Ko nawa ne zan cika. Gobe in ba Sabiru kuɗi ya rufe, ba sai kowa ya sani ba. Ni ba zan taɓa tambayarki ba, wallahi. Kowa na shiga matsi."

Masu karatu, ku sake karanta wannan. Ba zan taɓa tambayarki ba. Kowa na shiga matsi. Da ƙauna ya faɗa, idonsa cike da tausayi, kuma tausayin ne ya fi komai yi min ciwo. Malam Hamma bai yarda da ni ba na jure, 'yan acaɓa sun yi min suna na jure. Amma wanda ya danna gudummawar da yatsansa, wanda rubutun la'adar ya wuce ta gaban idonsa, shi ma a ransa akwai ɗan wurin da aka ajiye cewa wataƙila na ci.

"Ka tambaye ni mana," na ce.

"Me zan tambaya?"

"Ka ce Raihana kin ci? In ba ka amsa."

"Haba, ni ban ce ba."

"Ba ka ce ba, amma ka yafe min. Ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba." Na miƙe na ɗauki tiren. "Kada ka ba Sabiru ko sisi. In ka rufe ramin nan da kuɗinka a ɓoye, ka sa hannu a kan cewa na ci."

Ina shiga gida saƙonninsa suka fara shigowa.

"Ranki ya daɗe, ba haka nake nufi ba."

"Goggo ta kusa kai wa Baba rahoto. In ta ga ramin nan shi ke nan."

"Ina tsoron rasa ki ne kawai."

Na karanta duka, na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. A ƙarshe na tura masa, "Ka yi min alƙawari ba za ka taɓa rufin ba." Ya karanta, na ga alamar ya karanta, bai amsa ba.

Yau Litinin na tashi da faɗuwar gaba tun asuba. Na sa atamfa shuɗiya mai ganye da ƙaramin hijabi fari, ko karin kumallo ban iya yi ba. Muna shiga aji hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin. Tun da aka yi rufin nan tsarina ɗaya ne in ruwa ya zo: in tattara yaran su matsu a inda ke da kwano. Amma su saba'in da wani abu ne, ajin ba ya ɗaukarsu in an bar kusurwa guda. Dole wani ya zauna a ƙarƙashin tagar. Don haka na mayar da allo da teburina can, ni nake tsayawa a wurin. Ba don jarumta ba, don in ɗan wani ya yi mura ban san me zan ce wa uwarsa ba.

Ruwa ya kece. Kwanon sabo na ƙara kamar ana watsa tsakuwa, ni kuma yana zuba a kaina kai tsaye. Allo ya jiƙe, alli ya ƙi kamawa, sai na koma karatun baki, ina faɗa suna maimaitawa. Duk da haka feshi na kai wa layin gaba, 'yan mata uku sun takure suna kare littattafansu da hijabi, ɗaya tana tari tun makon jiya.

Sai na ga yaran sun yi shiru suna kallon ƙofa.

Wata dattijuwa ce a tsaye, doguwa, da lema baƙa da mayafi ruwan toka mai kauri, carbi a naɗe a wuyan hannunta. Goshinta da hancinta sak na Musaddiq. Ba sai an faɗa min ba.

"Sannu da zuwa, Goggo," na ce, na durƙusa a inda nake.

Ta naɗe lemar, ta shigo, ta ɗaga kai ta kalli sabon kwano, ta bi shi da ido har inda ya ƙare. Ta kalli sama ta cikin ramin. Ta kalli yaran, sannan ta kalle ni, hijabina ya manne a kaina, kwallina na gangarowa.

"Ke ce Raihana."

"Ni ce, Goggo."

"Wannan ce tagar."

"Ita ce."

"An ce kuɗi sun cika."

Na fara bayani haƙorana na haɗuwa, kashi biyar, kashi uku, masu dandali, masu kati. Ta ɗaga hannu.

"Na ji wannan a wurin mai kitso, har da ƙari. Abu ɗaya nake tambaya. Kafin ki miƙa hannu ga mutane, kin san za a cire?"

Ga ƙofa a buɗe, masu karatu. In na ce ban sani ba, na zama yarinyar da waya ta yaudara, a tausaya min. Rauda kaɗai ta san gaskiya, ita kuma ko da wuƙa ba za ta faɗa ba. Na buɗe baki da niyyar cewa ban sani ba, wallahi da niyyar haka na buɗe shi.

"Na sani, Goggo."

"Kika yi shiru."

"Na ji kunyar ƙarawa a kan kuɗin kafinta. Na ji tsoron a ce na ɗora nawa."

Ta daɗe tana kallona. Fuskarta ba ta nuna komai ba, ba fushi, ba sassauci. Ruwan ya fara tsagaitawa ya koma yayyafi. A lokacin ne muka ji ƙarar babur mai ƙafa uku ya tsaya a bakin aji, da ƙarar kwano na karo da juna.

Sabiru kafinta ne, da buhu a ka, da guduma a ƙugu. Ya leƙo ta taga, bai lura da wadda ke tsaye bayan ƙofa ba, ya ɗaga murya yadda zai rinjayi yayyafin.

"Malama, albishirinki! Ga bandir guda inji Musaddiq. Ya ce a rufe yau ɗin nan, kafin Goggonsa ta zo ta gani. Ya ce kada kowa ya ji."

Yara saba'in suka ji. Mai babur ya ji. Matan da suka fake a barandar ofis suka ji. Hedimasta da ya fito da rajista a hannu ya tsaya cak.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da ƙasa na buɗewa da na shige. Goggo Laraba ta tako a hankali ta tsaya inda Sabiru zai gan ta. Bawan Allah ya sauke buhun daga kansa, ya durƙusa a cikin taɓo, gaisuwar ma ta ƙi fita.

"Goggon ta riga ta gani," ta ce. Sannan ta juyo gare ni. "Ke kika sa shi?"

"Na hana shi, Goggo. Ranar Juma'a na hana shi."

"Wa ya ji kin hana?"

Babu wanda ya ji. Daga ni sai shi sai jug ɗin zoɓo.

Ta gyara carbinta. "To, ga kwano ya zo. Ajinki ne. A rufe ko a mayar?"

Na fahimci tambayar sarai. In na ce a mayar, kowa a wurin ya shaida ban karɓi rufin asiri ba, in jira albashina in wanke sunana da hannuna. In na ce a rufe, kafin la'asar labari ya kai Daura cewa saurayi ya biya abin da budurwa ta ci, kuma ta karɓa a gaban Goggonsa. Babu mai kitson da za ta ba da shi ta wata fuska. Zuciyata na cewa a mayar, a mayar, har na ji kalmar a kan harshena.

Sai yarinyar nan ta layin gaba ta sake yin tari. Ta matse littafinta a ƙirji, ruwa na ɗiga daga gefen hijabinta, tana kallona kamar yadda suke kallona in sun yi tambaya suna jiran amsa. Albashi saura mako uku, kuma muna tsakiyar damina.

"A rufe," na ce.

"Kin san me za a ce?"

"Na sani, Goggo. A rufe."

Sabiru ya tashi sumui-sumui ya jingina tsani. Goggo Laraba ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta zare mayafinta ruwan toka ta miƙo min, ya rage daga ita sai hijabin ciki.

"Rufe jikinki, akwai maza a wurin."

Ta buɗe lemarta ta fita. Na ga ta ciro waya tun kafin ta kai titi. Ina tsaye da mayafinta mai ƙamshin kanumfari, guduma ta fara bugawa a kaina, hasken kusurwar na raguwa falle bayan falle har ajin ya yi duhu irin na kowane aji. Yaran suka yi ta tafi suna murna. Ni kuwa kuka nake, suka ɗauka na daɗi ne.

A mota saƙon Musaddiq ya shigo: "An rufe? Alhamdulillah. Yanzu hankalina ya kwanta." Bai san komai ba tukuna. Ban amsa ba. Na biyu na Umma ne, ita da ba ta iya rubutu ba sai murya: "Raihana, duk inda kike ki taho gida. Alhaji ya zo da kansa."

Na shigo ta ƙofar baya, ta gidan maƙwabta, don kada in ratsa zauren. Umma ta ce in canja kaya, na kasa, na zauna a nan ina rubuta muku don in ba hannuna aiki. Sun yi sallar la'asar tare, sun koma sun zauna. An kai ruwa, an dawo da shi ba a sha ba.

Yanzu Umma ta ɗaga labule. Idonta ja, tana murza gefen zaninta.

"Taso. Kawunki ya ce ki zo."

"Umma, me ya ce? Janyewa suka yi?"

"Bai faɗa ba. Kawunki ya kawo maganar waya da la'ada, ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Wai tambaya ɗaya gare shi, kuma daga bakinki yake son ji." Ta saki labulen. "Wai wa ya ce a rufe."

Na duba fuskarta ko zan gane inda tambayar ta dosa, ita ma ba ta sani ba. Ta rage murya. "Ki ce Sabiru ne ya hau da kansa. Ki ce ba ki so ba."

Na miƙe. Na gyara mayafin Goggo Laraba a kafaɗata, har yanzu da laima.

"Ni na ce, Umma."

Ku sa ni a addu'a. Ga takalmana can a bakin ƙofa.